Zama da ciwon sukari a sansani: jawabi ga iyalai



Tun 2013 ake zaune a nan Minawao. Yaran da aka goyo sun girma, manya shekaru sun ja, ciwon sukari kuma bai tsallake sansani ba. Ba ciwon masu kuɗi kaɗai ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin tuwo kwano ɗaya. Ba ya warkewa, amma mai kiyaye shi yana noma, yana aure, yana ganin jikoki.

Wanda ke yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa, ga rama, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya je asibitin sansani. Da ɗigon jini daga yatsa ake gwaji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sukarin da aka ƙyale yana cin ido da ƙoda da ƙafa, wanda ƙodarsa ta lalace kuwa sai wankin ƙoda a babban asibiti irin na Garwa, nesa da iyali.

Mun san abinci ba zaɓinmu ba ne. Duk da haka a rage malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale da miyar kuka ko yakuwa, a raba cin sau uku, a sha shayi ba sukari. Kada a daina magani don an ji sauƙi, kada a musanya shi da jiƙo. Mai niyyar azumi ya fara ganin likita.

Masu allurar insulin, rashin firiji kada ya karya muku zuciya. A 2021 binciken MSF da Jami'ar Geneva kan zafin sansanin Dagahaley a Kenya ya nuna kwalbar da aka buɗe tana aiki har mako 4 idan zafi yana hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Zafin bazararmu yakan wuce haka, saboda haka a sa ta cikin tulu, a kewaye shi da jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Idan mai magani ya kama rawar jiki da gumi da jiri, sukarinsa ne ya faɗi. A ba shi ƙwayar sukari 3 ko 4 nan take. In ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Kowane dare a duba tafin ƙafa, kuma kada a fita itace ba takalmi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko mutum ɗaya ne a gida, ya san inda maganinku yake. Katin asibiti ya zauna tare da takardar rajista. Mai shirin komawa Banki ko Bama ya sanar da asibiti da wuri, ya tafi da takardar maganinsa. Ayyukan UNHCR kyauta ne. Wanda aka nemi kuɗi a wurinsa, ko aka tsangwame shi saboda ciwonsa, ya zo ofishin kariya, maganarsa sirri ce.

Allah ya ƙara mana lafiya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.