Ɗaliban Karkara da Aikin Lafiya: Misali daga Ƙasar Ɗanbatta



Ƙasar Ɗanbatta, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura, ƙasa ce ta manoma, gona na bin gona, ƙauye na hango ƙauye. Inda jama'a suka taru haka, lalle haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da gudawar yara ba su yankewa, tun ba da damina ba. Ɗakunan shan magani kuwa an gina su a garuruwa da dama. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da za a buga wa ƙofa da tsakar dare a same shi.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ke rasuwa. Ya kuma nuna kashi 43 cikin ɗari na masu haihuwa ne kaɗai ke samun ƙwararren ma'aikaci a kansu, alhali kuwa a Arewa maso Yamma adadin bai kai ɗaya cikin biyar ba. Jini in ya ɓalle wa mai jego yana iya kashe ta cikin sa'o'i biyu, watau kafin a samo mota, a haɗa kuɗin mai, a kai ta birni.

An daɗe ana gwada turo ma'aikata daga birni, har a 2009 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin aika ungozomomi karkara. To, amma wanda ya tashi a birni, tun ranar da ya ajiye kayansa yake neman canjin wurin aiki, kuma ba a ga laifinsa ba: iyalinsa na can, makarantar 'ya'yansa na can. Saboda haka ne a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su riƙa ware gurabe domin ɗaliban da suka fito daga karkara, don shaida ta nuna su ne suka fi komawa su zauna. A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili. Magidanta da yawa ba su yarda namiji ya duba matansu ba, amma 'yar gari wadda aka san gidansu ba a hana ta shiga ko'ina.

Makarantun ma ba su yi nisa ba. A cikin garin Ɗanbatta akwai makarantar koyon aikin ungozoma ta Jihar Kano, karatun shekara 3. Akwai makarantun fasahar lafiya a Kano da Bebeji, inda ake horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, akwai kuma Makarantar Tsafta ta Kano mai yaye duba-gari. Mai burin zama likita yana da Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, sai da ya je Birmingham ta Ingila kafin ya kama aiki a 1940.

Cikas ɗin yana can baya, a sakandare. Ana bukatar sakamako mai kyau a darussa 5: Turanci, lissafi, ilmin halittu, kimiyyar sinadarai da fiziks. Yaron da makarantarsa ba ta da malamin sinadarai, bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ya faɗi tun kafin ya zauna jarrabawa, sa'an nan a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Yarinya kuwa sau da yawa aure ke riskarta a tsakiyar karatu.

Wannan giɓi ne shirin nan na horar da mata domin aikin lafiya, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 zuwa 2020, ya yi ƙoƙarin cikewa a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe. Mutanen gari ke zaɓo 'yarsu, a ba ta karatun share fage ta gyara sakamakonta, ita kuma ta yi alkawarin komawa gida ta yi aiki. An karɓi matan aure, an yi wa masu goyo wurin renon yara, aka kuma nemi yardar mazaje da iyaye da masu unguwanni tun daga farko. Ɗalibin da ya faɗi darasi ɗaya ko biyu, hanyarsa ke nan shi ma: ya sake zama, kada ya jefar da takardunsa.

Saura kuma na ma'aikatan gwamnati ne. Ungozomar da ta gama karatu ta shekara biyu tana jiran takardar kama aiki, asibitin kuɗi na birni zai ɗauke ta. Wadda aka tura ƙauye kuwa tana bukatar ɗakin kwana kusa da ɗakin haihuwa, da ruwa, da fitila, da albashi a ƙarshen wata.