Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Lacca a Kan Tseren 'Yan Sha'awa da Ƙananan Motocin Lantarki



 Na tabbata akwai waɗanda da suka ji kan maganar yau suka ce a ransu, ina ruwanmu da wasan Amurkawa, ko da motar da ba ta fi akurkin kaji girma ba? Amsa ita ce, yawancinku nan da 'yan shekaru kaɗan za ku riƙe sitiyari, wasunku ma tuni sun fara lissafin yadda za a yanke bashin mota daga albashi. Ranar da mutum ya sayi mota, ya sa abu biyu a kan titi, watau dukiyarsa da ransa. Saboda haka ya kamata mu san abin da waɗanda suka riga mu daɗewa da mota suka koya game da girmanta da gudunta.

Bari in fara da wasan. Sunansa otokuros, kuma a Amurka ya fi ƙarfi, inda ƙungiyar masu sha'awar motoci da ake kira SCCA, wadda aka kafa cikin 1944, take shirya mafi yawansa. A Ingila ma akwai wasa mai wannan suna, amma shi a kan ciyawa ko turɓaya ake yinsa, don haka kada a haɗa su. Na Amurka ga yadda yake. Ran hutu sai a nemi fili mai faɗi mai kwalta ko kankare, kamar wurin ajiye motoci na filin wasa, ko tsohon filin jirgin sama. A jera 'yan turakun roba masu siffar mazurari, a fitar da hanya mai yawan kwana da lanƙwasa. Mota ɗaya ɗaya take shiga, kowa da agogo yake tsere, ba mai goga kafaɗa da wani. Zagaye guda bai cika wuce minti ɗaya ba, gudun kuwa da wuya ya zarce wanda doka ta yarda a yi a babbar hanya. Wanda ya ture turke ɗaya, sai a ƙara masa sakan 2 a kan lokacinsa, alhali kuwa sau da yawa abin da yake raba na ɗaya da na biyu bai kai rabin sakan ba.

Masu yin wasan ba ƙwararrun da ake biya ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai akawu, akwai makaniki, akwai ɗalibi, kuma da yawansu da motar da suke zuwa aiki suke shiga, sai dai su sa hular kwano, a duba musu birki da taya. Kafin a fara, kowa zai bi hanyar da ƙafa, ya haddace ta, domin ba a yarda a gwada ta da mota ba, kuma kowane taro sabuwar hanya ake zanawa. Wanda ya gama nasa tuƙin zai koma bakin fili ya tsaya cikin rana yana tayar da turakun da wasu suka ture. Cikin 1973 aka fara gasar ƙasa baki ɗaya, tun 2009 kuma aka mayar da ita birnin Lincoln na jihar Nebraska, inda direbobi fiye da 1,000 sukan taru.

Lokacin da nake karatu a can, wani abokina ya ja ni muka je irin wannan taro, ya kuma ara mini motarsa, mai babban inji da ƙara kamar aradu. Na shiga ina ganin kaina gwani, tun da na yi shekaru ina tuƙi. Da aka ɗaga tuta sai na take totur iyakar ƙarfina. Kwanar farko na juya sitiyari, mota ta ƙi bin umarni, ta zarce gaba tana kuka, na kwashe turaku. Wadda ta fi kowa sauri a rukuninmu ran nan wata dattijuwa ce mai furfura, cikin wata 'yar ƙaramar Mazda wadda injinta bai kai rabin nawa ba. Da na je gaishe ta, sai ta ba ni shawara cewa in riƙa kallon kwana ta gaba tun ban fita daga wadda nake ciki ba, in kuma gama taka birki kafin in juya. Ran nan na gane ma'anar karin maganar nan da ke cewa sauri ya haifi nawa.

Me ya sa haka ta faru? 'Yan kimiyya da ke cikinku sun san dalili. Duk ƙarfin da mota take da shi, ta wurare huɗu kawai yake isa ƙasa, inda tayoyi suka taɓa kwalta, kowane wuri kuwa bai fi tafin hannu ba sosai. Da wannan ɗan riƙo ake tashi, da shi ake tsayawa, da shi ake shan kwana, kuma idan birki ya cinye shi duka, babu sauran da zai rage wa sitiyari. Nauyin mota kuwa gaba yake son tafiya, gwargwadon yawansa gwargwadon wahalar da taya za ta sha kafin ta karkatar da shi. Sa'an nan ga wani lissafi da nake roƙonku ku riƙe ko da kun manta da sauran laccar. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin ya tsayar da mota yakan ninku sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 cikin kowane sakan, watau kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki, ka riga ka wuce gida ɗaya ko biyu.

To, wannan darasi na nauyi shi ne ya kawo mu ga rabin magana na biyu. Cikin 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana sayar wa Amurka fetur, farashi ya yi tashin gwauron zabo, aka wayi gari manyan motoci sun yi dogon layi a gidajen mai. Mutane suka fara tambayar kansu, shin wace hikima ce a ɗauki ƙarfe mai nauyin tan biyu don a kai mutum ɗaya ofis? Wani dillalin motoci mai suna Bob Beaumont ya kafa masana'anta a garin Sebring na jihar Florida, cikin 1974 ya fito da CitiCar. Mota ce mai kujera biyu, jikinta na roba, siffarta kamar an yanka cuku, injinta na lantarki bai wuce ƙarfin doki uku da rabi ba a yawancinsu. Gudunta wajen kilomita 60 a awa, tana kuma yin kimanin kilomita 65 kafin a sake cajinta. An ƙera wajen guda 2,300. A Ingila ma an yi irinta, Enfield 8000, amma ita ba a ƙera fiye da kimanin 120 ba, kuma hukumar lantarki ta ƙasar ce ta sayi wajen rabinsu.

Wannan yunƙuri bai yi ƙarko ba, dalilansa kuwa uku ne. Na farko, batir. Na wancan zamani na dalma ne, irin wanda ke tayar da injin mota, ga nauyi ga ƙarancin wuta. Na biyu, aminci. Cikin 1975 mujallar Consumer Reports, wadda Amurkawa suke dogara da ita wajen sayayya, ta gwada CitiCar ta yanke hukunci cewa ba abar karɓa ba ce, kasuwa ta faɗi, kamfanin ya durƙushe cikin 1977. Wani kamfani ya sayi zanen ya ci gaba da ƙera ta da sunan Comuta-Car zuwa 1982. Na uku, da fetur ya sake yin araha, sai mutane suka koma gidan jiya. Cikin 1985 ma Clive Sinclair, wanda ya yi suna wajen ƙera ƙananan kwamfutoci a Ingila, ya fito da C5, keke mai ƙafa uku mai gudun kilomita 24 a awa, a kan fam 399. Abin ya yi ƙasa ƙwarai har mahayinsa yana kallon tayar babbar mota a saitin kansa, ba rufi kuma, ga sanyin Janairu. Shekara ba ta ƙare ba kamfanin ya rushe.

Abin da ya sake tayar da maganar shi ne batirin litiyom, irin na wayar hannu, wanda yake ɗaukar wuta ninki huɗu ko biyar na batirin dalma mai nauyi ɗaya da shi. Cikin 2020 kamfanin Citroën na Faransa ya fito da Ami, wadda aka ƙera a Kenitra ta ƙasar Maroko. Nauyinta bai kai kilo 500 ba, gudunta an ƙayyade shi a kilomita 45 a awa, tana yin kilomita 75, ana kuma cajinta a soket na ɗaki cikin kimanin awa uku. A shekarar nan kuma aka fito da Wuling Mini EV a ƙasar Sin, mai kujera huɗu, a kan yuwan 28,800, kuma kafin shekara uku ta cika an sayar da fiye da miliyan ɗaya. Ku gwada waɗannan da Hummer ta lantarki ta Amurka, wadda nauyinta ya haura tan huɗu. Batirinta kaɗai ya kai wajen kilo 1,300, watau ya fi Ami biyu da rabi nauyi, wutar da ke cikinsa kuwa ta isa ta cika Ami fiye da talatin. Ashe ke nan canza fetur da lantarki kawai bai magance almubazzaranci ba.

Amma ba zan zo nan in yi muku talla ba, tilas in faɗi aibin ƙaramar mota. A Turai doka ba ta lissafa irin su Ami cikin cikakkun motoci, shi ya sa ba a tilasta musu duk sharuɗɗan kariya, har ma ɗan shekara 14 yana iya tuƙa ta a Faransa. Cikin 2014 da 2016 hukumar Euro NCAP, mai gwada ƙarfin motoci a hatsari, ta buga wasu daga irin waɗannan ƙananan motoci a gudun kilomita 50 kacal, ta tarar da rauni mai tsanani a jikinsu. Lissafi ma ya nuna haka, domin idan mota mai kilo 500 ta yi karo da mai kilo 2,000, jijjigar da ta ciki za ta sha ta ninka ta babbar sau huɗu. Cikin 2023 kuma duniya ta ga hoton wata Ami da ta kife a shahararriyar kwanar nan ta Monako, saboda direbanta ya shige ta da gudun da ya fi ƙarfin mota mai tsawo marar faɗi. Laifin da na yi da babbar mota, shi ya yi da ƙarama. Kowace na'ura tana da iyaka, kuma gara mutum ya san iyakar a fili inda turken roba kawai zai ture, da ya san ta a bakin kasuwa.

A wuri ɗaya waɗannan abubuwa biyu suka haɗu sosai, kuma wurin na ɗalibai ne kamarku. Tun 1981 ake gasar Formula SAE a Amurka, wadda daga baya ta bazu zuwa Turai da sunan Formula Student, inda ɗaliban injiniya suke zana ƙaramar motar tsere su ƙera ta da hannunsu, otokuros kuwa yana cikin jarrabawar da ake yi mata. Cikin 2023 ɗaliban jami'o'in Zurich da Lucerne na ƙasar Suwizalan suka ƙera ta lantarki mai nauyin kilo 140, wadda ta tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da sakan ɗaya. Ba su cim ma haka da girman inji kawai ba, sai da suka bi kowane ƙarfe suna tambaya ko za a iya rage shi.

Jama'a, a ƙarshe ga shawarwari uku. Na ɗaya, ga mai shirin sayen mota: ka auna tafiyarka ta kullum tukuna, da yawan mutanen da kake ɗauka, da irin hanyar da kake bi, da abin da zai rage a albashi bayan mai da gyara, sa'an nan ka zaɓa. Idan ta lantarki ce, ka tambayi kanka inda za ka sami wutar cajinta kowane dare. Wanda ya sayi mota don idon maƙwabta, shi kaɗai zai biya bashin. Na biyu, ga waɗanda za su zama manyan ma'aikata masu tsara birane da dokokin hanya: ƙaramar mota ba ta da amfani sai a titin da aka rage gudu, aka raba ta da tirela, don haka titin ake fara gyarawa. Na uku, ga kowa: lasin shaida ce ta izini, gwaninta kuwa sai an koya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, watau sa'o'inku da ƙannenku. Wanda jininsa yake tafasa yana son gudu, ya nemi fili killatacce da izinin hukuma da hular kwano, ya bar titin jama'a ga masu komawa gida wurin iyalinsu.

 Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai mu gida lafiya.