Daga Ɗakin Gwaje-gwaje Zuwa Buhun Ɗan Jari-Bola



A watan Fabrairun 2010, sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Delhi da ke Indiya ya yi gwanjon tarkacen da suka cika masa sito. Cikin kayan akwai wata na'ura mai nauyin gaske, wadda aka sayo daga Kanada a ƙarshen shekarun 1960, kuma rabon da a yi aiki da ita tun 1985. 'Yan gwangwan suka saya, aka kai ta kasuwar Mayapuri, leburori suka farfasa rigar dalmar da ta lulluɓe cikinta. Ashe abin da dalmar take tsarewa sinadarin cobalt-60 ne, mai fitar da tururin nukiliya wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Kafin watan Afrilu ya fita, mutum ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, wasu suna kwance a asibiti, daga baya kuma 'yan sanda suka tuhumi farfesoshi shida na jami'ar. Masu ilimi ne suka amince da sayarwar, amma wanda ya mutu lebura ne da ba shi da wata alaƙa da jami'ar.

Abin da ya sa labarin ya dace da wannan zauren lacca shi ne ƙuruciyar makarantun Jigawa. A 1991 aka ƙirƙiro jihar. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta samu ne a 2011, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a 2013. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a nan Dutse, ga Asibitin Rasheed Shekoni da ya zama na koyarwa, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Kwamfutocin farko da aka saya wa makarantun nan sun riga sun tsufa, baturan farko sun daɗe da mutuwa, kwalaben sinadarai na farko kuma wa'adin da yawa daga cikinsu ya wuce. Tsofaffin jami'o'i sun gaji tarin shekara hamsin da ba a san mai shi ba. Dutse kuwa har yanzu tana matakin da waɗanda suka sayo kayan suna nan da ransu, ana iya tambayarsu.

Hanyar da guba ta fi saurin bi ta bar makaranta ita ce bakin famfon ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibi ya gama aikin aji, ya tuttula abin da ya rage a kwalba, ya sake masa ruwa, shi ke nan a ganinsa. To amma Dutse ba ta da babbar magudanar ƙarƙashin ƙasa mai kai ƙazantar gari matata. Abin da aka zuba a famfo, ramin sokawe yake tafiya, daga nan ya tsiyaya cikin ƙasar da rijiyoyi da burtsatse suke ɗebo ruwa. Ruwan asid marar ƙarfi ana iya kashe kaifinsa kafin a zubar, kuma kowane malamin sinadarai ya san yadda ake yi. Dalma da zaiba da kuromiyam da kadmiyam kuwa ba sa ruɓewa, ba sa narkewa su ɓace. Sauya wuri kawai suke yi. Haka ruwan fomalin da ake adana gawa da sassan jiki a cikinsa a sashen koyon likitanci: hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam kansa.

Wasu kwalaben ma ajiyarsu kaɗai hatsari ce. Sinadarin ita (ether), wanda aka taɓa amfani da shi wajen sa barci a tiyata, idan ya daɗe a buɗe yana tara wani abu mai fashewa. Asid ɗin pikirik idan ya bushe, murɗa marfin kwalbarsa na iya tayar da shi. Zafin watan Afrilu a Dutse, wanda kan haura digiri 40, ba ya yi wa irin wannan ajiya sassauci, balle kwalbar da takardar sunanta ta ɓamɓare.

Sai wutar bola. Doguwar fitilar nan fara da ake kafawa a azuzuwa tana ɗauke da ɗan tururin zaiba, wanda ke fita da zarar ta fashe. Robar da ta lulluɓe wayar wuta idan ta ƙone tana sakin hayaƙi mai ɗauke da gubar dayokzin. Mai shara ne yake tsaye a kan wannan wuta, sau da yawa ma'aikacin kwantiragi ne da ba a taɓa gaya masa abin da ke cikin kwandon ba, kuma shi ne allurar da aka jefa a kwandon takardu take sokewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na sharar asibiti ne mai hatsari. Idan aka haɗa shi da sauran a kwando ɗaya, dukkansa ya zama abin gudu.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne batir. Wutar kamfanin KEDCO ba ta wadatarwa, don haka kusan kowane ofis da ɗakin kwamfuta ya koma ga sola da inbata. Wannan ci gaba ne da babu mai ƙin sa. Sai dai batirin dalma shekaru kaɗan yake yi, zafi kuma yana rage masa kwana. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, sauran roba da ruwan batir. Matacce ma kuɗi ne, shi ya sa ba ya kwana a bola. Ɗan jari-bola zai saya da kilo, kuma hanya mafi sauƙi ta rage nauyin kaya ita ce a tsiyaye ruwan a ƙasa. In an fasa shi a tsakar gida ko an narka dalmar a kasko, ƙurar tana sauka a tabarma, a kwanon abinci, a tafin hannun yaro mai rarrafe.

Arewa ta san abin da ƙurar dalma take yi. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, an gano yara suna suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Duwatsun zinariya masu dalma ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani a hannun likitocin ƙungiyar MSF, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Likitoci sun ce babu wani ma'aunin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Zamfara daga ma'adinai ta samo tata, amma dalmar batir da ta dutse duk abu guda ne a jikin yaro. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ba laifin ɗan jari-bola ba ne. Halalinsa yake nema, kuma da babu shi da ƙarafa da robobi sun toshe kwalbatocin gari. Alhakin yana kan wanda ya san abin da ke cikin kayan, ya kuma miƙa ba tare da ya tambayi inda za a kai ba.

Doka kuwa akwai ta. A 1988 aka gano dubban gangunan sharar masana'antu daga Italiya jibge a filin wani gida a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu. Fushin da ya biyo baya ne ya haifar da Doka ta 42 kan shara mai cutarwa da kuma hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a wannan shekarar. Duniya ta ƙulla Yarjejeniyar Basel a 1989, Afirka ta yi ta Bamako a 1991. A 2007 aka kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, masu ɗora wa mai ƙerawa da mai shigo da kaya nauyin karɓar gawarsu. A nan jiha akwai hukumar kare muhalli, JISEPA. Duk da haka, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sarrafa ta hanyar da ta dace. Dokar da aka rubuta a Abuja ba ta shiga sito da ƙafarta, sai wani ya ɗauke ta ya kai.

Wannan wani shi ne abin da kowace makaranta take buƙata kafin komai: mutum ɗaya mai suna da ofis, wanda majalisar gudanarwa ta ba ikon cewa a'a, da littafi ɗaya da aka rubuta kowace kwalba da kowane batir a ciki, daga ranar shigowa zuwa ranar fita. Sannan ɗaki mai makulli da iska da daɓen siminti, nesa da burtsatse, a wurin da ruwan damina ba ya kwanciya, domin Jigawa ta ga ambaliyar 2022 da ta 2024. Duk wannan bai kai kuɗin motar ofis guda ba.

Sauran aikin yana teburin masu sayayya. Sashen da ke buƙatar rabin lita kada a sayo masa jarka don ta fi araha, tunda ragowar ce za ta zama bala'in wanda zai gaje shi. Duk kwangilar sola ta ƙunshi sharaɗin cewa ɗan kwangila zai kwashe tsofaffin batura ya kai masana'anta mai lasisi, ya dawo da takardar shaida kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Kwamitin gwanjo kuma kada ya buga ƙararrawa a kan kayan ɗakin gwaje-gwaje sai masanin fannin ya duba ya sa hannu. Makaranta ɗaya ba za ta tara abin da zai cika mota ba, amma idan Dutse da Birnin Kudu da Kafin Hausa suka haɗa nasu, kamfanin sarrafa shara mai rajista zai ga dalilin yin tattaki.

Akwai kuma aikin da jami'a ce kaɗai za ta iya, kuma shi mai wannan lacca ya fi so ɗalibai su fita da shi. Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe a sashen sinadarai da na muhalli da na likitanci suna neman abin da za su yi bincike a kai. Ga rijiyoyin Takur da Yalwawa da Fagoji da Gida Dubu, ga ƙasar wuraren da ake sayen gwangwan, ga gonakin dabino da lambunan da ake ba ruwa a gefen gari. A auna dalmar da ke cikinsu bana, a sake aunawa baɗi a daidai wuraren, a ajiye sakamakon a ɗakin karatu, a kuma aika kwafi ga JISEPA da masu unguwanni da shugabannin 'yan jari-bola, a rubuce da Hausa.