Bashi, Jingina da Takarda: Lacca ga Ƴan Kasuwa da Manoman Jiratawa

 

An ce in yi magana a kan doka da kuɗi. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan abu guda da ya fi kai mutanenmu gaban alƙali: bashin da aka ƙulla da baki.

Kasuwancin Maraɗi a kan amana aka gina shi. Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya yi littafi guda a 1986 a kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda ubangida yake danƙa wa baransa kaya na maƙudan kuɗi ba tare da sa hannu ba. Tsarin ya yi aiki, domin kowa ya san gidan kowa. Amma amana tana cikin ƙirjin mutum biyu, kuma mutum yana mutuwa. Ranar rabon gado, ƴaƴan mamaci ba su ji abin da aka faɗa a rumfa ba. Kada kuma wani ya ce rubutu al'adar Nasara ce: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Me za a rubuta? Sunan mai bayarwa da na mai karɓa, adadin kuɗi, ranar biya, shaidu, sa hannu ko dangwale. A nan ƙasar sai an ƙara abu biyu. Na farko, mu da dala muke lissafi, kotu kuwa da faran take karatu. Wanda ya ce dubu yana nufin dala dubu, wato jika biyar ko faran dubu biyar, idan marubuci ya sa 1.000 kawai, ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na kuɗinsa da hannunsa. A rubuta da lamba, a sake rubutawa da haruffa.

Na biyu ya fi ciwo: da wane kuɗi za a biya, sefa ko naira? Mu da muke shiga Jibiya da Katsina ta Ɗan Isa mun ga abin da ya faru. Kafin Yunin 2023, a farashin hukuma, dalar Amurka ɗaya tana kusan naira 460; zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1.500. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, 655,957 kowane ɗaya. Wanda ya ba da wake bashi da naira a lokacin, aka biya shi bayan wata takwas, an cika masa adadi, amma kuɗin ba su sayen waken da ya bayar. Ga rufe iyaka a Agustan 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Kaya sun maƙale, masu bin bashi ba su daina ƙidayar kwanaki ba. Dattawa za su tuna Janairun 1994, da aka rage darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Ita ma ba dutse ba ce.

Takardar tana da amfani a kotu. Nijar tana cikin OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993. A ƙarƙashinta, mai bashin da adadinsa ya tabbata kuma lokacinsa ya cika zai iya neman alƙali ya ba da umarnin biya ba tare da doguwar shari'a ba, sai in wanda ake bi ya yi jayayya. Amma bashi yana tsufa: tsakanin ƴan kasuwa shekara biyar ne, na cinikin kaya ma shekara biyu. Kunya da kawaici suna cin wannan lokaci. In an je sulhu a fada, wanda shi ne ya fi sauƙi da arha, a roƙa a rubuta abin da aka daidaita a kai.

Sai jinginar gona, wadda ni a ganina ta fi kowane bashi haɗari. Mutum ya karɓi kuɗin magani ko na aure, ya miƙa gona a bakin Gulbi, shekaru su wuce, shaidu su rasu, jikan mai riƙo ya rantse cewa kakansa saya ya yi. Dokar ƙasa ta karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, kuma a yau akwai su daga gari zuwa komin zuwa Madarunfa. Suna da takarda daban ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina. Ku nemi wadda ta dace da abin da kuka ƙulla. Fegin da ke cikin gandun noman rani da gwamnati ta gyara kuwa yana da nasa ƙa'idojin. A tambayi ƙungiyar manoma da hukumar noman rani ta ONAHA kafin a karɓi ko dala a kansa.

Iyayenmu mata masu zogale da ƙuli-ƙuli, adashi ma bashi ne. Uwar adashi ta riƙe littafi, a karanta shi gaban kowa ranar zubi.

Masu neman rance, ku tambayi abin da za ku biya a shekara, ba a wata ba. A 2014 hukumomin kuɗin sefa suka ƙayyade iyakar ruwa a shekara: kashi 15 cikin 100 a banki, kashi 24 a ƙananan asusu. Wanda ya ba ka jika goma ka mayar da jika goma sha biyu bayan wata, ya ci kashi 20 a wata guda. Doka ta hana, malamai kuma sun gaya mana hukuncinsa. Kafin ka miƙa kuɗinka ajiya ga wani asusu, nemi ganin lasisinsa daga ma'aikatar kuɗi. In sun ce yana Yamai, ɗauki kuɗinka ka koma gida sai ya iso.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu.