Ƙwayoyin Cuta Masu Gagarar Magani a Ɗakunan Jinya



A shekarar 1928 ne Alexander Fleming ya gano fenisilin a birnin Landan. Da aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1945, ya yi kashedi cewa in aka riƙa shan maganin ƙasa da ƙa'ida, ƙwayoyin cuta za su saba da shi. Dalili kuwa, magani kan kashe raunanan ƙwayoyi, masu juriya su tsira su hayayyafa, har su riƙa miƙa wa waɗansu wannan juriya.

Maganarsa ta tabbata. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a shekarar 2019, kuma gwargwadon yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi hasara.

Misalin da ya fi kusa da arewacin Zamfara yana Maraɗi. Tsakanin 2007 da 2008 an auna yara 55 da aka kwantar a wata cibiyar jinyar tamowa, aka tarar 17 sun zo da ƙwayoyi masu gagara a hanjinsu. Lokacin sallama aka sake auna yara 16 da suka zo babu ƙwayoyin, sai ga shi 15 sun kamu. Watau a ɗakin jinya suka kwasa.

Wannan darasi ya shafi Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda rashin tsaro ya rage noma, tamowa ta yi yawa. Uwar da ta taso daga Sakajiki da yaro ramamme, sau da yawa ta riga ta ba shi kafso na kemis, kwana biyu ta daina. A asibiti kuma, in gadaje sun yi kaɗan ko ruwa ya yanke, hannun mai jinya shi ke ɗaukar ƙwaya daga wannan yaro zuwa wancan.

Nijeriya ta tsara shirin yaƙi da matsalar tun 2017, amma aiwatar da shi yana hannun ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗin asibiti. Wajibi ne ya sa ruwa da sabulu da ɗakin awon jini a gaba, domin likita ya san ƙwayar da yake yaƙa kafin ya rubuta magani. Ɗalibi kuma ya koya wa mutanen gidansu su daina sayen kafso ba da takardar likita ba.