Wutar Agadas da Ƙishirwar Kance

Jama'ar Kance da Matamaye, na Ɗan Barto da Kurni da Yawuri da duk inda muryar nan ke kaiwa, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na faɗakarwa. Mai tuƙa tuwo ta ɗan jawo rediyo kusa da murhu, domin zancen yau da mata zai fara.

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a cikin hamada, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Motoci biyu ne suka lalace da su a hanyar Tamanrasat, ruwa ya ƙare. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Gidajen rediyon duniya suka ce "baƙin haure". Mu nan sunayensu muka kira, don yawancinsu daga yankin nan suka tashi. Akwai mai saurarona yanzu da ya karɓi gaisuwa a zaurensa a wancan mako. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da na daɗe ina juyawa a raina shi ne: daga nan zuwa Arlit, ta Damagaram da Tanut da Agadas, shinge nawa ne a hanya? Mace da goyo, ga yara huɗu biyar a bayanta, wasu ma ba ita ta haife su ba, ba takarda ba komai. Wa ya gan su? Wa ya sauke musu igiya suka wuce?

Amsar tana can baya, tun zamanin tawayen arewa. Manya sun tuna yadda wuta ta kama daga 1990, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da aka mayar ranar hutu. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a, lokacin mulkin marigayi Tandja Mamadou. An yi alkawarin shigar da tsofaffin mayaƙa aikin soja da jandarma da duwan, an kuma shigar da wasu. Da yawa suka koma gida hannu rabbana. A 2007 tawaye ya sake tashi da sunan MNJ, sai a 2009 ya lafa bayan Gaddafi na Libiya ya shiga tsakani.

To, wanda ya ajiye bindiga ba aikin yi, me ya rage masa? Mota da sanin hamada. Masu yawon buɗe ido da a da ake kaiwa duwatsun Abzin sun daina zuwa, balle bayan an sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a 2010. Gaddafi ya faɗi a 2011, ƙofar Libiya ta buɗe hanhai. Sai jigilar matafiya ta zama sana'ar gari. Ba na zargin wata ƙabila, kada wani ya juya mini magana. Bahaushe na ciki, Ba'abzine na ciki, Tubawa da Larabawa na ciki, mai neman abincin iyalinsa ne ya fi yawa. Hukuma kuma ta kau da kai, don mai ƙirga kuɗin fasinja ba ya tunanin komawa dutse. Sai dai hanya ba ta tambayar me aka ɗauko. Inda mutum ya bi, nan tramol ke bi, nan makami ke bi. A farkon 2022 an kama magajin garin Fashi da hodar iblis fiye da kilo 200 a cikin motarsa. Zaɓaɓɓe ne fa, mai riƙe da hatimin hukuma.

Yadda shinge ke aiki kuwa, ba sai na koya muku ba. Na sha zama a gidan gaba na gani da idona. Direba ya rage gudu, yaron mota ya diro tun mota ba ta tsaya ba, ya ruga rumfa da takardun mota a hannu, jika guda a naɗe a tsakiyarsu. Ya dawo yana murmushi, igiya ta faɗi ƙasa. Ba wanda ya leƙa ya ga ko buhun gero aka ɗauko ko ɗan mutum. Mu fasinjoji har daɗi muke ji an sallame mu da wuri.

Hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA ta bi hanyar Agadas ta yi bincike a 2013, shekarar da mutanenmu suka mutu. Abin da ta gano ya fi ƙarfin kwaɗayin mutum ɗaya. Kuɗin da ake karɓa a hannun masu jigila, da shi jami'an tsaro ke sayen man mota da kayan gyara, saboda wanda aka ware musu a kasafi ba ya isowa. Ku duba wannan lamari da kyau. Wanda aka aika ya tsare hanya, mai karya doka ne ke zuba masa mai a mota. Da wane baki zai ce masa tsaya?

Ina kuɗin kasafin yake maƙalewa? Ruwa ba ya tsami banza. A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna kusan miliyar 76 na sefa sun salwanta wajen sayen kayan yaƙi, ta hanyar ƙara farashi da biyan kuɗin kayan da ba su taɓa isowa ba. Labarin ya fito ƙasa na cikin makokin sojoji 71 da aka kashe a Inates a Disamba 2019, da 89 a Shinagodar a Janairu 2020. Waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai a watan Maris, su aka fara kullewa.

Kada mu ce abin na arewa ne ko na manyan Yamai. Shekara nawa muka yi muna sayen man ruwa-ruwa a kwalba a bakin titi, wanda aka tsallako da shi ta Ɗan Barto? Ya ciyar da gidaje, ban musa ba, ni ma babur ɗina ya sha. Amma yaron da ya tashi yana ganin ana sayen iyaka da jika biyu, yaya za ka gamsar da shi cewa takardar haihuwa da hukuncin alƙali ba na sayarwa ba ne?

A 2015 an yi dokar hana safarar baƙin haure, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Matafiya suka koma ɓarauniyar hanya mai nisa da rijiya, kuɗin shinge ya ƙaru. A Nuwamba 2023 hukumomin soja suka soke dokar. Da doka da babu doka, abin da ke tura mutane hanya yana nan: gonar da aka raba wa magada har ta koma kamar tabarma ba ta ƙara faɗi ba, mata kuma ba su fasa tafiya ba.

Saboda haka roƙona gare ku ne. Ma'aikacin da ke shinge a daren nan, ka haska tocila cikin motar, ka ƙirga yaran, ka tambayi uwar kowane. Mai unguwa da liman, kun san gidan da ake haɗa tafiya, kun san mai karɓar kuɗin. Maigida kuma, idan aka zo aron ɗanka za a kai shi Aljeriya bara, ka ce a'a, ko nawa aka yi maka alkawari.