Layinmu Da Sunanmu: Jawabi Ga Malaman Reshenmu Kan Aron Adireshin Intanet



An nemi mu yi magana kan abubuwa biyu da matasanmu ke yawan ambata tare, har wasu malamai sun fara tambaya: buɗe ɗaki daban-daban a cikin burauza, da kuma aron adireshin intanet na gidan wani, abin da masu harkar ke kira furokzi na gida. Na farkon alheri ne gare mu. Na biyun kuwa yana iya kai malami gaban hukuma a kan laifin da bai san an yi ba.

Mu fara da mai amfani. A yawancin makarantunmu kwamfuta ɗaya ce, ko ta hedimasta, ko ta wani malami da ya saya da guminsa. A kanta ake duba shafin TRCN, a kanta ake cike takardun ƙaro karatu, a kanta ake buɗe imel. Malami ya gama ya tashi, na bayansa ya zauna ya tarar da akwatin saƙonsa a buɗe. Chrome da Firefox da Edge duk suna ba da damar kowane mutum ya buɗe nasa ɗakin, wanda ke ajiye kalmomin sirrinsa da tarihin shafukan da ya shiga, ba tare da sun gauraya da na wani ba. A Chrome, sai a taɓa ɗan da'irar nan mai hoto a sama ta hannun dama, a ƙara sabo, a sa masa suna. Sai dai mu sani, ɗakin nan labule gare shi, ba ƙofa mai kwaɗo ba. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar yana iya ɗagawa. Mai son kulle sai ya buɗe asusunsa daban a Windows, ya sa lambar sirri. Haka kuma raba ɗaki ba ya sauya adireshin da kwamfutar ke fita da shi. Ɗakuna goma, ƙofar gida ɗaya.

To, a nan ne furokzi ke shigowa. Duk na'urar da ta hau intanet tana fita da wata lamba, wadda ita ce adireshinta. Wanda ba ya son a ga tasa sai ya bi ta na'urar wani, shafin da ya ziyarta ya ɗauka mai na'urar ne ya zo. Kowa a nan ya san yadda ake ba direba saƙo a tashar Gummi ya kai Sakkwato. Idan aka tsare mota a hanya aka kwance ƙunshin aka ga haram, wanda aka kama da shi a hannu shi zai fara bayani, mai saƙon kuwa yana gida. Masu wannan sana'a suna haɗa kowane ɗakin burauza da adireshin wani gida daban, sai mutum ɗaya ya bayyana kamar mutum hamsin a garuruwa hamsin. Akwai kamfanonin da ke yin haka don halal, misali su ga yadda tallarsu ko farashin kaya ke fitowa a wata ƙasa. Amma da wannan dabarar ce kuma ake buɗe asusun bogi da yawa, ana damfara, ana yaɗa ƙarya.

Tambayar da ta shafe mu ita ce, daga ina suke samun adireshin gidajen? Daga irinmu. Mun tuna lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, yadda jama'a suka yi rububin sauke manhajojin VPN na kyauta. Ba kowace ce mai illa ba, amma ga abin da ya fito fili daga baya. A watan Mayun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sanar da rushe wata hanyar sadarwa mai suna 911 S5, aka kama wanda ake zargi da jagorantarta, Wang Yunhe, a Singafo. Ta hanyar manhajojin kyauta irin su MaskVPN da DewVPN aka mamaye kwamfutocin mutane, aka tara adireshi sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, ana ba 'yan damfara haya. Masu kwamfutocin ba su san ana fita ta ƙofarsu ba.

Wasu manhajojin kuma ba su ɓoye ba, a fili suke cewa ka ba su aron layinka su biya ka 'yan daloli. Mun fahimci dalilin da zai sa malamin firamare ya saurari irin wannan tayi, domin duk mun san inda albashi ke ƙarewa a wata. Amma a yi lissafi irin na aji huɗu. Datar da za su ci kai ka saya, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, da wuya abin da za su ba ka ya mayar da abin da ka kashe. Bayan haka layinka a haɗe yake da lambar NIN ɗinka, ga Dokar Laifukan Intanet ta 2015 tana aiki. Ko da daga ƙarshe bincike ya wanke ka, wa zai biya ka kwanakin zirga-zirga zuwa Gusau a kan wannan hanya tamu, da kallon da iyayen yara za su riƙa yi maka?

Mu da muka ga Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara har sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jihar kafin ya ji muryar ɗan uwansa, mun san darajar layi.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu shi ne, kafin taro na gaba kowa ya zauna da malamansa gaban kwamfutar makaranta, a duba jerin manhajojin da ke ciki, a cire duk VPN ɗin da ba a san wanda ya sa shi ba, a buɗe wa kowane malami asusunsa. Masu 'ya'ya a sakandare kuma su tambaye su abin da suka sauke a wayar gida.